Rami na Uku a Sandar Baya

Ilya ɗan Damagaram ne. Ya zo Faransa a shekarar 2002 don karatun injiniya a Villeurbanne, unguwar ɗalibai da ke manne da birnin Lyon. A ajinsu ya haɗu da Nasiru, wanda aka haifa a Belleville ta Paris, iyayensa kuma mutanen Maraɗi ne. Hausar Nasiru rabi ce, sauran rabin Faransanci, amma da kowanne harshe ya buɗe baki sai an saurare shi. Ilya kuwa ba shi da yawan magana. Abin da ya haɗa su shi ne tsofaffin motoci.

A shekara ta uku ta karatunsu suka sayi wata tsohuwar Alfa ja, mai ƙofa biyu, ƙirar 1972, wadda ta daɗe tana kwance a rumbun wani manomi, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Suka kama ɗan gareji a ƙarƙashin wani bene a Bron, suka ajiye ta. Duk Asabar da Lahadi a can suke yini. Da injin ya tashi, Nasiru ya zama direba, Ilya ya koma ƙarƙashin mota.

Injin bai dame shi ba kamar yadda kwanciyar motar ta dame shi. In ta shiga kwana da gudu sai jikinta ya karkata waje, har mutum ya ji kamar zai zame daga kujera. Abin da ke hana wannan shi ne wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa biyu, wadda ke haɗa tayar dama da ta hagu. In motar ta so kwanciya gefe guda, sai sandar ta murɗe ta ƙi. Makanikan Faransa bar-stab suke ce mata. Alfa ɗinsu tana da biyu, mai kauri a gaba, siririya a baya.

Ilya ya shekara biyu yana gwada su. Ya gano cewa ɓangaren da aka fi taurara wa sanda, tayoyinsa ne ke fara sakin ƙasa. In ta gaba ta yi tauri da yawa, kana juya sitiyari hancin motar yana miƙewa. In ta baya ce, gindin motar ne zai ƙwace ya zagayo, kuma ba ya sallama kafin ya yi. Ya gano cewa ƙarin kauri kaɗan ba ƙaramin abu ba ne: daga milimita ashirin da huɗu zuwa ashirin da bakwai, taurin ya ƙaru da fiye da rabi. Ya sa wani maƙeri ya buga masa sandar baya mai ramuka uku a kowane hannu. Rami na farko, na can bakin hannun, shi ne mafi laushi. Na uku, na ciki, shi ne mafi tauri. Duk abin da ya gwada sai ya rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango: kaurin sanda, ramin da noti yake, iskar taya, da abin da Nasiru ya ce ya ji a sitiyari.

Nasiru ya iya tuƙi, wannan ba wanda zai hana shi. Sai dai yana da hali ɗaya. Duk ranar da ya ji hancin motar yana miƙewa, sai ya ce, "Taurara baya, ɗan'uwa, ta juya." Ilya kuma ya ce, "A'a, gaba za mu sassauta." Sun yi wannan gardama ta fi sau talatin.

A bazarar 2007, lokacin da suke gab da gama karatu, Nasiru ya samo musu wata mata mai suna Madam Cordier. Tana da kamfani kusa da Paris mai ba da hayar tsofaffin motocin tsere ga masu sha'awa, kuma ita kanta ta yi tsere a ƙuruciyarta. Ta ce in motar ta gamsar da ita za ta ɗauke su aiki su biyu. Ga Nasiru, mai takardun ɗan ƙasa, wannan aiki ne kawai. Ga Ilya kuwa shi ne komai, don takardar zamansa ta ɗalibi za ta ƙare a Satumba, kuma sai da kwantiragin aiki za a canza masa ita.

Aka sa rana. Wata ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta rufe wata hanya mai hawa a duwatsun yammacin Lyon. An yi yayyafi da asuba, hanyar tana da danshi a ƙarƙashin itatuwa. Ilya ya sa notin sandar baya a rami na farko, ya ɗaure, ya sake dubawa. Nasiru ya hau shi kaɗai sau ɗaya, ya sauko yana ɓata fuska.

"Hanci tana turawa," in ji shi.

"Danshi ne. Bari in kawo mai daga ƙasa, in na dawo mu sassauta gaba."

Ilya ya ɗauki jarka ya sauka wani ƙauye da ke gindin dutsen. Yana dawowa ya tarar har sun tashi, Madam Cordier tana kujerar gefe. Bai kai ga ajiye jarkar ba ya ji ƙarar taya daga sama, sannan ƙarar ƙarfe a jikin dutse.

A kwana ta shida gindin motar ya ƙwace, ta juya ta bugi katangar dutse ta gefen dama. Nasiru ya fito ko ƙwarzane babu. Madam Cordier ta karye a ƙashin kafaɗa da haƙarƙari biyu. Bayan motar asibiti ta tafi da ita, Ilya ya kwanta a kwalta ya leƙa ƙarƙashin Alfa. Notin yana rami na uku, dama da hagu.

Ya tashi a hankali ya je wurin Nasiru, wanda ke zaune a kan katangar yana shan taba.

"Kai ka matsar da shi."

"Écoute, saurara, ba yanzu ba."

"Nasiru, kai ka matsar da shi ko ba kai ba ne?"

"Na ce ba yanzu ba! Ka bar ni in yi magana da ita, ni na san yadda ake yi da su."

Ya kuwa yi magana da ita. Kwana uku bayan nan Ilya ya je asibitin da furanni, mijin matar ya tare shi a bakin ƙofa ya ce ba ta son ganinsa. A ranar ya ji abin da Nasiru ya faɗa: wai abokinsa ne mai saita motar, ya yi kuskuren lissafi, shi kuma ya yi iya ƙoƙarinsa a sitiyari, ba don haka ba da abin ya fi muni. Ilya ya rubuta mata wasiƙa mai shafi huɗu har da zane. Ba ta amsa ba. Nasiru ya sa aka ɗauke motar zuwa Paris, littafin mai baƙin bango yana cikin akwatin gabanta, sannan ya daina ɗaukar waya. A Yuli ya fara aiki wurin Madam Cordier, shi kaɗai.

Ilya ya sake yin rajista a wani karatu da ba ya buƙata, don kawai a sabunta masa takardar ɗalibi, ya kama aikin canza taya a wani shago a Bron. Injiniya ne mai digiri, amma shekara uku yana tura tayoyin motocin haya. A shekara ta biyu mahaifinsa ya kwanta ciwo a Damagaram. Takardunsa suna hannun hukuma ana dubawa, aka gaya masa in ya fita ba lallai ya iya dawowa ba. Ya ce bari ya jira sati biyu. Tsohon ya rasu a kwana na tara. Ilya ya karɓi gaisuwa ta waya, yana tsaye tsakanin tarin tayoyi, safar aiki a hannu ɗaya.

Tun daga ranar bai ƙara ambatar sunan Nasiru ba. Waɗanda suka san su sun ɗauka ya manta.

Sannu a hankali abubuwa suka daidaita. Mai shagon ya gane abin da ke hannunsa, ya ba shi cikakken kwantiragi. A 2011 ya auri Ruwaida, 'yar Tawa mai aikin bincike a jami'ar Bron, suka haifi 'ya mace, Widad. A 2012 ya buɗe nasa ƙaramin gareji, ba ya taɓa komai sai ƙafafun tsofaffin motoci. Lokaci zuwa lokaci akan kawo masa mota mai sanduna sababbi, an buga sunan Nasiru a jikinsu da jan fenti, don shi ma ya buɗe nasa kamfani a Paris, Madam Cordier ce babbar mai sayen kayansa. Ilya yakan ɗauki ma'auni ya auna: ashirin da bakwai a gaba, goma sha huɗu a baya, ramuka uku, tazararsu daidai da yadda ya zana wa maƙerin nan. Sai ya ajiye ma'aunin ya ci gaba da aiki.

Wata ranar Talata a watan Maris na 2014, da hantsi, wani ya yi sallama a ƙofar garejin. Nasiru ne, ya yi ƙiba, ya sa kwat mai tsada. Ilya ya amsa sallamar, ya goge hannu ya miƙa masa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, kamar jiya suka rabu. Ilya ya dafa masa shayi.

"Na ji rasuwar Baba," in ji Nasiru. "Allah ya jiƙansa. Na so in kira, wallahi."

"Amin. An daɗe ai."

Nasiru ya juya kofin a hannunsa, sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Madam Cordier za ta sa motoci shida a wata sabuwar gasa, kuma dokar gasar ta tilasta wasu tayoyi sababbi masu kama ƙasa sosai. Da aka sa su, saitin da yake sayarwa ya daina aiki. Motar tana kwanciya fiye da da, tayar baya ta ciki tana ɗagawa sama a kwana tana juyawa a banza. Ya gwada duk abin da ya sani. Ta ba shi wata ɗaya, in bai gyara ba za ta koma wurin wasu 'yan Italiya.

"Franchement, tsakani da Allah, ɗan'uwa, kai kaɗai ka san motar nan. Abin da ya wuce ya wuce, yara muke lokacin. Ka yi mini aikin, amma tsakaninmu. Ita ta san ni ne nake yin komai."

Ilya ya dube shi. Ya jira ko zai ƙara wata kalma ɗaya. Nasiru bai ƙara ba.

"Yaya za ta gwada?"

"Wani tsohon filin jirgin sama ne a kudancin Paris. Da safe a busasshe, da rana su buɗe ruwa su jiƙa filin. Ita da kanta za ta tuƙa."

"To. Aiko mini mota ɗaya."

Aikin da Ilya ya yi wa motar nan bai taɓa yin mai kyaunsa ba. Tayoyin da suka fi kama ƙasa sun fi kwantar da mota, don haka ya ɗaga sandar gaba zuwa milimita ashirin da tara, ya yi mata ramuka uku ita ma, ya sa noti a na tsakiya. Ya canza robobin da ke riƙe ta da masu ƙarfi, don kada taurin ya ɓace a cikin laushin roba. Sandar baya ya bar ta yadda take, noti a rami na farko. Ya gwada motar sau goma sha ɗaya a wani fili kusa da Lyon. Tayar baya ta daina ɗagawa. A busasshiyar ƙasa motar tana shiga kwana kamar an ja ta da zare.

Ya kuma san abin da za ta yi a ruwa. Sanda mai wannan kaurin a gaba, in ƙasa ta jiƙe, dole hanci ya miƙe.

Ranar da aka zo ɗaukar motar Nasiru ya kira.

"Na ruwa fa? Wane rami?"

"Sai na ji yadda take yi. Ka kira ni ranar, in gaya maka."

Sati ɗaya kafin gwajin, Ilya ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya je filin. Wata ƙungiya ce ke hayarsa, wani mai kawo wa Ilya gyaran mota ya samo masa katin shiga. Ya taka wurin da ake jiƙawa da ƙafarsa yana ƙirga taku. Daga kwanar da aka jera robobin alama masu launin ruwan lemo zuwa ƙarshen kwalta taku casa'in ne, bayan nan ciyawa ce shimfiɗe, ba katanga, ba itace, ba rami. Ya dawo Lyon da yamma.

Ruwaida ta ga tikitin a aljihun rigarsa. Ya zaunar da ita ya gaya mata komai, don bai saba ɓoye mata ba.

"Abban Widad, matar nan ta haura shekara sittin," ta ce. "In ta ji ciwo fa?"

"Ba abin da za ta buga. Na auna."

"Ka auna. To ita mi ta yi maka?"

"Ta karanta wasiƙata ta jefar. Ko ba ta ma karanta ba."

"Ka je ka gaya mata gaskiya da bakinka mana."

"Na gaya mata da alƙalami shekara bakwai da suka wuce. Wannan karon jikinta ne zai gaya mata."

Ruwaida ta kalle shi. "Ban taɓa ganin fuskarka haka ba," ta ce, ta tashi ta shiga wurin yarinya.

Ranar gwajin Ilya ya isa filin da wuri, ya sa hular sanyi ya tsaya can nesa cikin 'yan ƙungiyar da ke kallon motocin juna. Ya hango Madam Cordier, gashinta ya yi fari, tana ɗan karkata kafaɗar dama in za ta sa hular tsere. Ta yi zagaye takwas a busasshe. Da ta fito tana dariya, ta dafa Nasiru, shi kuma yana nuna ƙarƙashin motar da hannu yana bayani.

Bayan azahar aka buɗe bututun ruwa. Ta shiga ta yi zagaye biyu, a kowanne hancin motar ya miƙe ya kwashe robobin waje. Ta tsaya ta sauke gilashi ta yi wa Nasiru magana. Ya ɗaga mata hannu alamar minti biyar, ya koma bayan babbar motar kayansu ya ciro waya.

Wayar Ilya ta fara rawa a aljihunsa. Yana ganin bayan Nasiru daga inda yake. Ta katse, ta sake. Sau bakwai. Sai saƙo ya shigo: "Ɗan'uwa don Allah ɗauka, hanci take turawa." Ilya ya karanta ya mayar da wayar aljihu. 

Nasiru ya tsaya yana kallon wayarsa. Ya dubi motar, ya dubi Madam Cordier da ke buga yatsa a kan sitiyari. Sannan ya tuɓe kwat ɗinsa, ya ɗauki sifana, ya kwanta a bayan motar.

Da ya fito, Madam Cordier ta tashi. Kwanar farko motar ta juya da kyau, har ta ƙara wuta. A ta biyu, tana tsakiyar kwana ta ɗan ɗaga ƙafa, gindin ya ƙwace. Ba ta samu ko damar mayar da sitiyari ba. Motar ta juya sau ɗaya da rabi tana watsa ruwa, ta ja da baya ta tsaya a bakin ciyawa, injin ya mutu.

Mutane suka ruga. Ilya bai yi gudu ba, tafiya ya yi. Da ya isa har an buɗe ƙofar. Madam Cordier tana zaune, ta cire hular, hannunta na hagu yana dafe da kafaɗarta ta dama ko da yake ba abin da ya taɓa ta. Fuskarta ta yi fari fat.

"Na san wannan," take cewa da Faransanci. "Na taɓa jin wannan."

Nasiru yana durƙushe a gefenta yana cewa tayoyin ne, ruwan ya yi yawa. Sai ya ɗaga kai ya ga Ilya.

"Ina yini, Madam," in ji Ilya. "Sunana Ilya. Ni ne wanda aka ce ya karya miki kafaɗa a duwatsun Lyon."

Ta dube shi, ta dubi Nasiru.

"Ni na saita motar nan, a garejina a Bron. Da ta bar hannuna notin sandar baya yana rami na farko. Ki sa wani ya leƙa ya gaya miki inda yake yanzu."

Wani tsohon makanikinta ya kwanta a jiƙaƙƙiyar kwalta ya leƙa. "Na uku," ya ce. "Dama da hagu."

"Haka na same shi a 2007. Na rubuta miki."

"Madam, bari in yi miki bayani," in ji Nasiru.

"Yi," ta ce. "Amma fara da wannan. Ta gaba milimita nawa ce, kuma don mi?"

Nasiru ya ce ashirin da bakwai. Ilya ya ciro ma'auni daga aljihu ya miƙa wa tsohon makanikin. Ya auna ya ce ashirin da tara. 

Ilya ya karɓi sifanar daga hannun Nasiru ba tare da ya dubi fuskarsa ba. Ya kwanta, ya kwance mahaɗin sandar baya gaba ɗaya ya ɗaure shi gefe, ya koma gaba ya mayar da noti rami mafi laushi. Minti goma sha biyu. Ya tashi rigarsa sharkaf.

"In kina iyawa, ki sake gwadawa."

Ta sauke hannunta daga kafaɗarta. Sannan ta mayar da hular. Ta yi zagaye shida a cikin ruwa, kowanne ya fi na baya sauri, ko roba ɗaya ba ta taɓa ba.

Tana cikin zagayen Nasiru ya matso kusa da shi, ya koma Hausa, murya ƙasa ƙasa.

"Kana nan tsaye ina kiranka."

"Ina nan."

"Ka kashe ni, Ilya. Ina da ma'aikata biyar. Ina da yara."

"Ubana ya yi kwana tara yana tambayar ko na taso. Ina Bron ina canza taya."

"Da ka ce in ba ka haƙuri, da na ba ka!"

"Na ba ka shayi, na jira. Ba ka ce komai ba."

Da Madam Cordier ta fito, ta kira Ilya gefe. Ba ta yi murmushi ba.

"Ka san zai taurara baya."

"Na sani."

"Kuma ka bar ni na shiga."

"Na zo satin da ya wuce na auna filin."

"Wannan ba amsa ba ce." Ta juya ta dubi motar. "Wasiƙarka mijina ya karɓa, ya ce kada in wahalar da kaina. Ban nemi in gani ba. Wannan laifina ne. Abin da ka yi mini yau kuma naka ne, ba zan ce maka na gode ba."

"Ban zo neman godiya ba."

"Motoci biyar sun rage. Za ka yi su?"

"Zan yi. Amma kowace sanda mai jan fenti a cire ta daga motocinki, a mayar masa da ita. Kuma abin da kika gani yau ki faɗa wa 'yan ƙungiyarku da bakinki."

Ta faɗa. Masu tsofaffin motoci ba su da yawa, duk sun san juna, kafin ƙarshen bazara labarin ya kai ko'ina. Motocin Madam Cordier shida suka yi gasar da sandunan Ilya, biyu suka shiga cikin biyar na farko. Tsakaninsa da ita aiki ne kawai, ba ta taɓa shiga mota in yana wurin ba sai tsohon makanikinta ya leƙa ƙasa. Kamfanin Nasiru bai kai ƙarshen 2015 ba. Ruwaida ta yi kusan wata ɗaya ba ta tambayi Ilya labarin aiki ba, daga baya ta ci gaba, amma ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba.

Bayan an rufe kamfanin Nasiru da 'yan kwanaki, wata ranar Juma'a da safe, wata lambar Paris ta kira shi. Hajiya Mariam ce, mahaifiyar Nasiru, wadda a zamanin ɗalibci yakan sauka gidanta a Belleville in an yi hutu. Ya miƙe tsaye ya amsa, kamar tana ganinsa. Suka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Ilya, ɗana ya gaya mini komai. Har abin da ya yi maka. Ban san da shi ba sai yanzu."

"Na sani, Inna."

"Ya ɓata, ban ce bai ɓata ba. Amma yana zaune a ɗaki ba ya fita. Ka kira shi, ko gaisuwa ce. Ni nake roƙonka."

Ilya ya dubi motar da ke ɗage a kan ƙarfe a gabansa, wata tsohuwar Triumph mai jiran sandar gaba.

"Inna, duk abin da kika aike ni zan je. In ba ki da lafiya, yau zan hau jirgi. Amma wannan ki yafe mini, ba zan iya ba."



"To," ta ce. "Allah ya shirya ku duka. Ka gai da Ruwaida."

"Za ta ji, Inna. Allah ya ƙara lafiya."

Ya ajiye wayar a kan tebur. Mai Triumph ɗin zai zo ƙarfe huɗu, kuma sabuwar sandar da aka aiko ta fi robobinta kauri da milimita ɗaya. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita neman waɗanda suka yi daidai kafin lokacin masallaci.